Ɗan da Karatu Ya Yi wa Nauyi: Wa Zai Zauna Tare da Shi?

Nassi: Ayyukan Manzanni 8:26-35, Yahaya 9:1-3

A wannan fitowa ta mujallarmu zan yi magana a kan wani yaro wanda da wuya a sami ikkilisiyar da ba ta da irinsa. Yakan zauna a bencin baya a Makarantar Lahadi. Idan malama ta ce a buɗe Littafi Mai Tsarki, shi ne na ƙarshen samun wurin. Idan kuwa aka fara karatu bi da bi, sai ya nemi izinin fita, ba ya dawowa sai an wuce layinsa. Na san wannan yaron sosai, gama a ɗaki ɗaya muka tashi.

Ƙanena ne, na ba shi shekara shida. Tun muna ƙanana kowa ya san shi da kaifin hankali. Idan rediyon mahaifinmu ya yi shiru, shi ne zai kwance shi ya gano wayar da ta tsinke. Idan aka faɗa masa ayar haddacewa sau biyu, ta zauna ke nan. Amma da zarar an ajiye masa littafi a gaba, sai ya zama kamar wani mutum dabam. Kalmar da ya karanta daidai a layi na farko, in ya sake gamuwa da ita a layi na uku sai ya tsaya yana kallonta kamar baƙuwa. Da yake ni ne mai ƙoƙari a makaranta, ni aka ɗora wa aikin koya masa da dare a gaban fitilar ƙwai. Ina da tsumagiya a gefe, na kuwa yi aiki da ita. Na kira shi rago, na kira shi daƙiƙi, ina ganin taimakonsa nake yi. Bai wuce aji biyu na sakandare ba. Ya koyi aikin kafinta, yau kuma akwai majami'u da dama a gundumarmu da suke ƙarƙashin rufin da hannunsa ya kafa.

Shekara uku da suka wuce, a lokacin Kirsimeti, muna addu'ar iyali a gidan mahaifiyarmu, na miƙa masa Littafi Mai Tsarki ya karanta mana. Ya laluba aljihu, ya ce ya manta tabaraunsa a gida. Bayan an tashi ya same ni a bakin ƙofa, ya ce, "Yaya, ni ba ni da tabarau, ban taɓa sayensa ba. Idona lafiya yake. Da wannan maganar nake rufa wa kaina asiri a taron maza shekara da shekaru." Sai ya faɗa mini abin da ya sa ya buɗe baki a daren nan. Ɗansa na biyu yana aji uku na firamare, kuma yadda uban ya yi haka ɗan yake yi. Ya ce wata rana ya ɗaga bulala zai dake shi a kan karatu, sai hannunsa ya tsaya. "Yaya, kai ka yi karatu mai zurfi. Ka faɗa mini gaskiya, la'ana ce a jinina?"

Ban ba shi amsa a daren ba, domin ba ni da ita. Na yi watanni ina karatu, ina tambayar malamai da likitoci. Abin da na koya shi ne nake so in sa a gabanku tare da Maganar Allah.

WANE NE YA YI ZUNUBI?

A Yahaya sura 9, Yesu da almajiransa sun ga wani mutum da aka haifa makaho. Abin da ya fara zuwa wa almajiran shi ne su san mai laifi, ko mutumin ne ko iyayensa. Ubangiji ya ƙi duka biyun, ya juya hankalinsu zuwa ga aikin da Allah zai bayyana a cikin mutumin. Har yau halinmu bai yi nisa da na almajiran nan ba. Idan yaro ya kasa karatu, hukunci uku ne muke yanke masa. Ko mu ce rago ne, ko mu ce daƙiƙi ne, ko mu ce an yi masa asiri.

Hukuncin ragwanci shi yake kawo bulala. Wani zai ce ai Karin Magana 13:24 ta yi maganar sanda. Gaskiya ne, amma horon da ake nufi a wurin na gyaran hali ne, na ɗan da ya san daidai ya zaɓi mugunta. Wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya kasa bai yi laifi ba. Ba wanda yake dukan gurgu domin bai yi gudu ba. A Littafin Firistoci 19:14 Allah ya hana a zagi kurma ko a sa wa makaho abin tuntuɓe, ya kuma haɗa wannan hani da tsoronsa. Manzo Bulus ya gargaɗi ubanni a Kolosiyawa 3:21 kada su matsa wa 'ya'yansu har su karai. Yaron da ake duka kullum a kan littafi yakan koyi abu guda da sauri, wato tsoron littafi.

Hukuncin asiri kuwa ya fi duka ɓarna. Na ga iyayen da suka yi ta yawo da yaro daga wannan gidan addu'a zuwa wancan, aka sa shi azumin da ya fi ƙarfinsa, aka ce maƙiya ne a ƙauye suka kulle masa ƙwaƙwalwa. Yaro ɗan shekara takwas ya koma gida da tunanin cewa akwai mugun abu a cikinsa. Wata gwaggo da ba ta san hawa ba balle sauka ta zama abar zargi, zumunci ya tsinke, karatun kuma yana nan inda yake. Mu masu bi mun gaskata da addu'a, ba za mu taɓa daina ta ba. Amma uwar da ɗanta ya karye a ƙafa takan yi addu'a, ta kuma kai shi wurin mai ɗori. Haka ya kamata mu yi da wannan ma.

ABIN DA MASANA SUKA GANO

Wannan nauyin karatu yana da suna, disleksiya. Wani likitan ido a birnin Stuttgart na Jamus, Rudolf Berlin, shi ya yi rubutu da wannan suna a 1887. A 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya ba da labarin wani yaro ɗan shekara 14, mai wayo, gwanin wasa, wanda aka yi shekaru ana koya masa amma ya kasa karatu. Malamin yaron ya shaida cewa da a ce da baki kawai ake koyarwa, da babu wanda zai fi shi a makarantar. Da na karanta wannan labari sai na ga ƙanena a ciki, ko da yake teku da shekaru masu yawa sun raba su.

Da farko an ɗauka matsalar ido ce, shi ya sa likitocin ido suka fara lura da ita. Binciken shekarun baya ya nuna cewa tushenta yana ga yadda ƙwaƙwalwa take sarrafa sautukan magana. Mu duba yadda abin yake. Yaro yakan koyi magana a bayan uwarsa ba tare da an sa shi a aji ba, domin haka Mahalicci ya shirya ɗan Adam. Rubutu kuwa fasaha ce da mutane suka ƙirƙira kimanin shekara 5,000 da suka wuce, dole ne a koya wa kowane yaro shi daga tushe. Kafin yaro ya karanta kalmar "gida", sai ya gane cewa wannan kalma da yake ji a dunƙule tana da sauti huɗu a jere, kowane sauti yana da harafinsa, sa'an nan ya iya haɗa su da sauri su koma kalma. Yawancin yara sukan kama wannan da koyarwa kaɗan. Ga mai disleksiya, rarraba kalma zuwa sautukanta da ɗaure kowane sauti da harafinsa aiki ne mai wuya ƙwarai. Yakan ƙare ƙarfinsa duka wajen fito da kalmomin, har ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta. Amma a karanta masa labarin nan da baki, a ga yadda zai bayyana shi.

Masana suna kiyasin cewa tsakanin yara 5 zuwa 10 cikin 100 suna da wannan nauyi, wasu kaɗan, wasu da tsanani. Wato a aji mai yara 60 ana iya samun uku zuwa shida. Yana samun maza da mata, 'ya'yan masu kuɗi da na talakawa. Ba shi da dangantaka da ƙarancin basira. Yana kuma bin jini, kamar yadda tsawo ko hasken fata suke bin jini. Wannan ita ce amsar da na kai wa ƙanena: gado ne, ba la'ana ba. Babu ƙwayar magani ko allurar da take kawar da shi. A 2009 ƙungiyoyin likitocin yara da na ido a Amurka sun fitar da sanarwa tare cewa motsa jikin ido da tabarau masu launi ba sa magance shi. Saboda haka ku yi hankali da masu tallan waraka ta kwana bakwai. Abin da aka tabbatar yana aiki shi ne koyarwa mai tsari, tun da wuri, a kai a kai. Da ita yawancin irin waɗannan yara sukan iya karatu, ko da yake wasu za su ci gaba da karatu a hankali, rubuta kalmomi daidai kuma ya riƙa ba su wahala har girmansu.

Ga alamun da ya kamata iyaye su lura da su. Kafin shiga makaranta, yaron yakan yi jinkirin magana, ya riƙa juya sautukan kalma, ya kasa gane cewa "kaza" da "kare" da sauti ɗaya suka fara. A aji ɗaya da biyu, sautin haruffa ba ya zama masa ko an maimaita, yakan dubi harafin farko ya cinki sauran kalmar, ya rubuta kalma ɗaya iri uku a shafi guda. Daga aji uku zuwa sama, karatunsa na jan ƙafa ne, kwafe daga allo yana cinye masa lokaci, ciwon ciki ko ciwon kai kuma yakan tashi da safen ranar makaranta. Juya harafi kamar b da d abu ne da yara da yawa suke yi har wajen shekara bakwai, shi kaɗai bai isa shaida ba.

Sai dai mu yi hattara, ba duk yaron da ya kasa karatu ne yake da disleksiya ba. Wani rahoto da Bankin Duniya da wasu hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2022 ya kiyasta cewa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara kusan yara 9 cikin 10 masu shekara goma ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi. Yawancin waɗannan ba a koya musu yadda ya kamata ba ne: aji ya cika maƙil, babu littafi, malami bai sami horo ba, ga yunwa, ga fashin makaranta. Don haka kafin a ba abin suna, a fara kai yaro a duba idonsa da kunnensa, a tabbatar yana zuwa makaranta kullum, a kuma tambaya ko an taɓa koya masa sautin haruffa ɗaya bayan ɗaya. Abin godiya shi ne, koyarwar da take ceton mai disleksiya ita ce dai take amfanar sauran yaran duka.

Akwai kuma batun harshe. 'Ya'yanmu da yawa suna jin yarensu a gida, Hausa a kasuwa da majami'a, sa'an nan a makaranta a fara musu karatu da Turanci, harshen da ba su riga sun ji ba. Turanci yana da sauti kimanin 44 amma haruffa 26 ne kawai, harafi ɗaya yakan ɗauki sauti dabam dabam. Harafin c a Turanci wani lokaci k ne, wani lokaci s, amma a Hausa yadda yake a "ci" haka yake a "cuta". Wani bincike da aka buga a 2001 ya gwada masu disleksiya a Ingila da Faransa da Italiya, aka ga aikin ƙwaƙwalwarsu iri ɗaya ne, amma na Italiya sun fi karatu daidai domin rubutunsu yana bin furuci. Rubutun Hausa na boko ma haka yake a yawancin wurare, ko da yake yana da nasa tarko: b, d, ɓ da ɗ sun yi kama da juna, kuma ba a nuna tsawon wasali ko karin sauti, shi ya sa "gari" na zama da "gari" na tuwo suke rubutu ɗaya. Duk da haka, ƙofar karatu ta fi sauƙin buɗuwa a harshen da yaro yake ji. Wanda ya gane yadda harafi yake ɗaukar sauti a Hausa ko a yarensa, zai tafi da wannan sani zuwa Turanci.

FILIBUS A HANYAR GAZA

Yanzu mu koma ga nassinmu. Wani babban ma'aikacin sarauniyar Habasha, mai riƙe da baitulmalinta, yana komowa daga sujada a Urushalima. Yana zaune a karusarsa yana karanta littafin annabi Ishaya. Mutumin nan ya iya karatu, ma'anar ce ta kuɓuce masa, saboda haka matsalarsa ba irin ta yaranmu ba ce. Amma yadda Filibus ya yi da shi abin koyi ne ga duk wanda Allah ya sa a gefen mai fama da littafi.

Da fari, Filibus ya matso kusa ya saurara. Ya ji mutumin yana karatu kafin ya ce kome. Iyaye, yaushe rabon da ku zauna ku ji ɗanku yana karatu da murya, ba domin ku kama shi da kuskure ba, sai domin ku gane inda yake tuntuɓe? Takardar sakamako tana nuna cewa yaro ya zo na ƙarshe, amma ba ta faɗin dalili. Minti goma na sauraro zai nuna ko haruffan ne bai sani ba, ko haɗa su ne ya gagare shi, ko kuwa yana karantawa amma bai san kalmomin ba.

Na biyu, ya yi tambaya, tambayar kuma ta ba mutumin damar faɗin rashinsa ba tare da kunya ba. Babban mutum mai muƙami ya yarda cewa ba zai iya ba sai wani ya bi da shi. Ƙanena ya yi shekara fiye da talatin kafin ya sami wanda zai faɗa wa. Ku tambayi yaro, "Me yake faruwa idan ka dubi wannan kalma?" Ku kuma gaya masa a fili cewa kun san yana ƙoƙari, cewa akwai mutane da yawa irinsa, cewa shi ba daƙiƙi ba ne.

Na uku, Filibus ya hau karusar ya zauna tare da shi. Bai tsaya a bakin hanya ya yi masa huɗuba ba. Wannan aiki yana bukatar zama, kullum, kaɗan kaɗan. Minti 15 zuwa 20 kowace rana sun fi awa uku ranar Asabar kaɗai.

Na huɗu, ya fara daga daidai wurin da mutumin yake karantawa. Idan yaro yana aji biyar amma sautin haruffa bai zauna masa ba, daga sautin haruffa za a fara, kome tsayinsa. Likita Samuel Orton na Amurka ya fara nazarin irin waɗannan yara a 1925, daga baya kuma malama Anna Gillingham ta tsara koyarwar da take haɗa ido da kunne da hannu: yaro ya ga harafi, ya furta sautinsa, ya zana shi da yatsa a lokaci guda. A 2000 wani kwamitin masana da majalisar Amurka ta sa aka kafa ya tattara binciken koyar da karatu, ya nuna abubuwa biyar da ake bukata: jin sautukan da suke cikin kalma, haɗa sauti da harafi, karatu ba gargada, yawan kalmomi, da fahimta. Daga 2012 Ingila ta fara gwada kowane yaro mai kimanin shekara shida da kalmomi 40 domin a gano mai bukatar taimako tun kafin ya yi nisa cikin faɗuwa. A nan gida ma, littattafan Mu Karanta na aji 1 zuwa 3, waɗanda aka yi aiki da su a jihohin Bauchi da Sakkwato, a kan wannan hanya ta sauti da gaɓa aka gina su.

Ba a bukatar kaya masu tsada. Uwa tana tsince shinkafa tana iya wasa da yaro: a tafa hannu ga kowace gaɓa ta sunansa, a nemi abubuwa biyar a tsakar gida da suka fara da sautin m, a tambaye shi me zai rage in an cire sautin farko daga "kaya". A zuba yashi a faifai ya rubuta harafi da yatsa yana furtawa. A koya harafi ɗaya ko biyu, a haɗa su da wasula, ba, bi, bu, ma, mi, mu, sa'an nan a gina kalmomi da waɗanda ya riga ya sani kaɗai. Kada a koyar da b da d a mako ɗaya. Kullum a fara da bitar na jiya, a ƙare da abin da zai iya, domin ya tashi da nasara a bakinsa. A kuma ci gaba da karanta masa labarai da murya, domin kalmominsa da iliminsa su yi ta ƙaruwa yayin da idonsa yake koyon haruffa. Sannu ba ta hana zuwa.

GA MAKARANTUNMU DA IKKILISIYOYINMU

Malamai, na san nauyin da yake kanku, na san yawan yaran da suke ajinku da ƙarancin albashinku. Duk da haka akwai abin da ba ya cin kuɗi. Ku zaunar da yaron a gaba. Kada ku tashe shi karatu a gaban aji ba shiri. Ku rage masa kwafe daga allo, ku ƙara masa lokaci a jarrabawa, wani lokaci kuma ku tambaye shi da baki domin ku san abin da ya sani. Kada jan biro ya cinye shafinsa duka. Ku zaɓi kuskure biyu ko uku ku gyara tare da shi. Ku ware rabin awa a rana ga ƙaramin rukuni na waɗanda aka bari a baya.

Shugabannin makarantun ikkilisiya, akwai wata al'ada da ya kamata mu tuba daga gare ta, wato kiran iyaye a ce su kwashe ɗansu domin yana ɓata wa makaranta sakamako. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ba kowane yaro a Najeriya hakkin karatun shekara tara, dokar hana wariya ga masu nakasa da aka sa wa hannu a Janairu 2019 kuma ta haɗa da ilimi. Amma mu muna ƙarƙashin dokar da ta fi waɗannan. Makiyayin da Yesu ya kwatanta a Matiyu 18 ya bar tumaki 99 ya tafi neman ɗaya. Makarantar da take ɗauke da sunan Kristi, ta kori ɗayan domin sunan 99 ya yi kyau a allon talla, ta juya misalin a kife. Ku nemi horo ga malamanku a kan koyar da sautin haruffa, ko da malami ɗaya ne a fara da shi ya koya wa sauran.

Koyar da karatu tsohon aikin ikkilisiya ne. Makarantar Lahadin da Robert Raikes ya fara a garin Gulosta na Ingila a 1780 an kafa ta ne domin yaran talakawa masu aikin ƙarfi kwana shida su koyi karatu a ranar hutunsu. Da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, bayan aikin Likita Walter Miller da abokan aikinsa, kakanninmu da yawa a ajin baftisma suka fara sanin harafi. A kowace ikkilisiya akwai malamai masu ritaya, akwai Zumuntar Mata, akwai matasan da suka gama makaranta suna zaune, akwai kuma ɗakunan da suke kulle daga Litinin zuwa Asabar. Me zai hana majalisar dattawa ta buɗe ajin karatu sau uku a mako da yamma, mutum ɗaya ga yara uku ko huɗu? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A cikin sujada kuma mu lura. Idan za a ba yaro ko babba karatun nassi, a ba shi wurin mako guda kafin ranar, wanda ya ce a ɗauke masa kuma kada a matsa. Kada a hana mutum baftisma ko hidima domin karatunsa na jan ƙafa ne. Romawa 10:17 ta ɗaure bangaskiya da ji, Wahayin Yahaya 1:3 kuma ta sa albarka a kan mai karantawa da masu sauraro gaba ɗaya. Yau ana samun Littafi Mai Tsarki na Hausa da murya a wayar hannu, wanda ya saurare shi kuwa bai yi ha'inci ba. Musa ya kawo kukan nauyin bakinsa a Fitowa sura 4, Allah bai janye kiransa ba, ya ba shi Haruna. Bezalel, wanda Ruhun Allah ya cika domin aikin alfarwa, da gwanintar hannu aka san shi. Bulus ya koya mana a 1 Korantiyawa 12 cewa gaɓoɓin da ake gani kamar raunana jiki ba ya iya rabuwa da su.

Na koma wurin ƙanena na roƙe shi gafara saboda tsumagiyar nan da sunayen da na kira shi. Ya ce, "Yaya, ba ka sani ba ne." Gaskiya ne ban sani ba, amma yanzu na sani, ku ma da kuka karanta wannan kun sani. Ɗansa yana zama da wata malama mai ritaya a ikkilisiyarsu sau huɗu a mako. Har yanzu karatunsa a hankali yake, rubutunsa kuma da sauran aiki. A Kirsimetin bara ya karanta mana ayoyi uku daga Luka sura 2, bayan ya yi mako biyu yana shirinsu. Ya tsaya sau biyu, ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya karɓe masa. Malamar ta gaya mini cewa uban yakan zo ɗaukarsa tun lokaci bai yi ba, ya zauna a bakin taga yana sauraro, a kwanakin baya kuma ya tambaye ta ko tana karɓar manya.

Kafin fitowa ta gaba, bari kowane gida ya yi tunanin yaro ɗaya, na cikinsa ko na maƙwabta, ya matso kusa ya saurare shi yana karatu.

Mu yi addu'a. Ya Uba na sama, kai ne ka yi kowane yaro, ka kuma san yadda ka gina shi. Ka gafarta mana inda muka yi duka da zagi a wurin da ya kamata mu yi haƙuri. Ka warkar da zukatan manyan da suka girma da kunyar littafi. Ka ba malamanmu hikima da ƙarfi, ka ba iyaye jimiri, ka tashi masu zama tare da waɗannan yara a cikin ikkilisiyoyinmu, kamar yadda ka aiki Filibus. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu muka roƙa. Amin.